Tsokar da Madubi Ba Ya Nunawa

A bayan shagon Cindo mai walda, a Idi-Araba,
muka cika gwangwanin fenti biyu da siminti,
muka soka musu ƙarfen tsohuwar mota a tsakiya.
Shekara huɗu ina ɗaga su
safe da yamma, kamar mai biyan bashi.
Damtsena ya koma turmi,
riga ta fara kuka a kafaɗa,
yaran layi suna ce mini Bijimi,
ni kuwa ina amsawa.

Sai wata Laraba, a gadar sama ta Ojota.
Mota na tsallaken titi, kwandasta na ihu,
na ce bari in haura da gudu in cim mata.
Matakala ashirin da 'yan kai,
ƙirjina ya hau dakan sakwara,
numfashi ya guje ni kamar wanda nake bi kuɗi.
Na rungumi ƙarfen gada, gumi har cikin ido.
Wata tsohuwa, tire cike da burodin Agege a kanta,
ta wuce ni ba ko haki,
ta waiwayo, ta yi mini sannu da Yarabanci.
Wannan sannun ta fi simintin nauyi.

A asibiti, Sista Uwani ta ɗauko robar awon jini,
da ƙyar ta zagaye mini hannu.
Ta dubi lamba, ta dube ni.
"Sallau, ka ja katanga, ka bar rijiya na ƙafewa.
Akwai tsokar da madubi ba ya nunawa,
tun kana cikin uwarka take aiki,
ba ta san Juma'a ba, ba ta san Lahadi ba.
Me ka taɓa yi mata?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, to in yar da ƙarfen?
Ta ce, "Wa ya aike ka?
Shi zai riƙe maka ƙashi ranar da furfura ta sauka,
shi zai tashe ka daga tabarma ba da hannun jika ba.
Tuwo bai taɓa korar miya ba. Haɗa su."

Washegari, ana sallame Asuba,
na ɗaure takalmin da na saya a gwanjon Yaba.
Turakun wuta na riƙa ƙirgawa:
na farko, na biyu, a na bakwai na zauna bakin kwata,
mai ƙosai tana hura wuta tana kallona.
Cindo ya ce Bijimi ya zama zomo,
zomon ma gurgu.

Ban fasa ba.
Kwana uku na ƙafa, biyu na ƙarfe,
sauran na bar wa jiki ya yi gyaransa.
Da gwiwa ta yi ƙorafi na koma tafiya da sauri.
Da ruwan Yuni ya cinye layinmu
na kwance igiyar shanya, na yi tsalle a soro,
maƙwabta na tsaki ta taga.
Bakwai ta zama talatin,
talatin ta kai ni filin wasa na Surulere,
inda na tarar da masu tumbi da masu furfura
kowa na lallashin tasa zuciyar.

Jiya aiki ya sake kai ni Ojota.
Na haura gadar ina waya da ƙanwata,
sai a sama na tuna inda nake.
Na duba hagu, na duba dama,
tsohuwar ba ta nan.
Na sayi burodi wurin wani yaro,
na tsaya, motoci na gudu ƙarƙashina,
na ɗora tafin hannu a ƙirji.
Tana bugawa a hankali,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya saba shiga.