Mai Gyara a Gadon Gwaji

Shekara tara a Fam Santa
ina ɗora mita kan wayoyin mutane,
in ce: nan wuta ta tsaya.

Tun bayan azumi sukurori ke suɓuce mini.
Babban yatsa da manuni sun yi gum.
Cikin dare kiyashi ke yawo a tafina,
in farka ina yarfe hannu.

Yau a Asibitin Malam
Dakta Zuwaira ta manna mini wayoyi.
"Zai ɗan fizge ka."
Ya kuwa fizga.
Yatsana ya zabura ba da izinina ba.

Sai siririyar allura cikin tsoka.
"Matse." Na matse.
Na'ura ta ɓarke da ƙara
kamar ruwan Agusta kan kwano.
Ashe naman jikina na da baki,
ni ne ban taɓa saurara ba.

Ta nuna allo da biro:
"A wuyan hannu saƙon ke makara."
Na ce na gane, likita,
layi bai tsinke ba, matsewa ya yi.

Sai na ji bakina ya yi tambayar
da ake yi mini kullum a shago:
zai gyaru?