Maɓallin da Ba Ni Na Ɗinka Ba

Shekara talatin ina taka keke a Tudun Wada,
allura ta sha jinina ba adadi,
ban taɓa kai ƙararta ba, sana'a ce.
Sai da ciwon suga ya zo da tasa allurar,
safe a huda, dare a huda,
har na rasa yatsan da zai riƙe zare
a duk hannuna.

Ramlatu ce ta kawo shi daga Barnawa
cikin ɗan kwali, ta ɓoye rasit.
Sista Kande ta goge wurin da auduga,
ta ce, "Baba, kau da kai." Na ji ƙas!
Ni da na dasa maɓallai dubu a rigunan mutane,
yau ga fari guda, ba rami ba zare,
an dasa a dantsena.

Da fari na raina shi.
Abin da bai fi murfin kwalba ba,
me ya sani a kaina?
Ashe ɗan tsegumi na ba masauki.
Ka duba waya, ga layi ya fito,
yana hawa yana gangara kamar ɗinkin Tasi'u
a makonsa na farko a shagona.

Ran ɗaurin auren ɗan Alhaji Mato
na ci waina huɗu, wai ba mai gani.
Na manta an haɗa shi da wayar Ramlatu.
Kafin in wanke hannu ta kira:
"Baba, me ka ci?"
Na ce ruwa na sha.
Ta ce, "Ruwan da miyar taushe ya zo?"
Kibiya ta kalli sama, ta tona asirina.

Shayin Ilu ma bai tsira ba.
"Ban da suga," nake cewa kullum,
ashe ɓarawon na cikin gwangwanin madara.
In kuwa na taka zuwa Kasuwar Barci sayen zare,
sai layin ya kwanta sambal
kamar yadin da ya sha guga a teburina.

Daren Laraba ne ba na mantawa.
Ɗinkin sallah ya taru, na sha magani,
na kwanta ban ci abin kirki ba.
Uku saura, ba wuta, unguwa tsit,
waya ta dinga kuka kamar jariri.
Dije ta haska ni, na jiƙe sharkaf,
lamba ta faɗo hamsin da huɗu,
ina jin kiranta kamar daga hayin kogi.
Ta dama suga a kofi, hannunta na rawa,
na kurɓa, na sake kurɓa.
Abin da na guda shekara shida
shi ya maido ni ɗakina.

Zafin bazara ya so ɓamɓare shi, gumi na cin gam.
Na yanko ragowar shadda, na zura roba,
na ɗinka masa ɗamara.
Ko shi ma ya zama kwastomana.

Sai dai kwana goma sha huɗu ne ransa.
Na tambayi kuɗin sabo a kemis,
na tsaya bakin titi ina lissafi:
kaftani takwas, har da aiki a wuya.
Ramlatu ta ce za ta saya.
Na san albashinta, na san kuɗin makarantar 'ya'yanta.
Na ce, "Bari sai bayan sallah,"
ban yarda ta ga idona.

Yau da asuba ya yi shiru.
Na ɓare shi, ya bar zobe a fata,
na jefa shi gwangwanin maɓallai, cikin 'yan uwansa.
Na ɗauko tsohuwar allura, na zaɓi ɗan ƙaramin yatsa,
shi ne ba ya riƙe zare.
Ilu ya leƙo da buta, zai tsiyaya madara,
na ɗora tafi a bakin kofina.