Jan Zare

Ta sauka Jos da akwati ɗaya da tafinta,
Malama Hirayama, gajera, ba ta ɗaga murya.
Wasan Turawa ne, tsoho, na sarki da takobi.
Na ɗauka za a ce in sassaƙa gadon sarauta,
in gina ganuwar katako, in dama jinin ƙarya da zoɓo.

Ta ce a'a.
Kujerar gora ɗaya. Tabarma. Shi ke nan fadar.
Na ce wa Gyang, wannan ai tsiya ce aka shafa wa hoda.
Ya ce, yi shiru, kuɗin aikinka bai ragu ba.

Ta so furen wata bishiyar ƙasarsu
ya riƙa zubowa duk sa'ad da mutuwa ta matso.
Muka taka daga Farin Gada har Taminus, babu.
Sai Nanret ta kawo buhun ƙaiƙayin acca daga Vom.
Malama ta ɗiba, ta saki, ta bi shi da ido
har ya sauka kan takalminta.
Ta rusuna wa buhun. Wallahi, buhun.

Ni kuma aka sa mini baƙaƙen kaya har fuska.
Tafinta ya ce, ma'anarsa ba ka nan.
Shekara goma sha tara ina bayan labule,
sai yau aka ɗinka wa rashina riga.

Daren wasa, sanyi na gangarowa daga Shere,
aka soki yarima da mafici a naɗe.
Na durƙusa gefensa, ni da ba na nan,
na kama bakin jan zaren da ke ƙirjinsa,
na ja a hankali, kamu ɗaya, kamu biyu,
na ratsa dandali da shi har gaban 'yan kallo.

Babu tafi. Ƙaiƙayi na zuba.
Wata tsohuwa a layin gaba,
mai sayar da dankali a gindin gada,
wadda ko kalma ɗaya ta wasan ba ta ji ba,
ta miƙo hannu ta riƙe zaren.
Ta tashi tana naɗe shi a yatsa,
taku bayan taku, wajen yaron,
a mayar masa da abinsa.

Na waiga inda Malama take.
Ta ɗora yatsa a leɓe.

Da safe na share ƙaiƙayi kwando uku.
Zaren ban gan shi ba.