Otal ɗin da ke Cikin Wayar Arzika

Gindin dogon-yaro a Gawon Nama
nake kafa lemata tun da hantsi,
na'urar POS a hannu, littafin bashi ƙarƙashin cinya.
Kuɗin unguwa ta gabana suke wucewa
kamar Rima a ƙarƙashin gada.
Nawa ɗan fantsami ne, ɗari a kan dubu biyar.

Ran nan Arzika ya zo, rigarsa na warin albasa,
ya kare wayarsa daga rana da tafin hannu.
"Diba wanga wuri, Jaɓɓi.
Wallahi mutane na ciki, ɗiyan Adam irinmu."

Na duba.
Otal ne a bakin teku, bene bisa bene,
kafet ja wur kamar fatar da dukawa suka rina,
fitilu na zubowa daga rufi, ba su isa ƙasa ba.
Bango guda duk talabijin:
nan ƙwallo, can dambe, can tseren mota.
Maza cikin kwat sun miƙe ƙafa,
kowa da kofi mai gumin sanyi,
suna aza dukiya a kan ƙafar yaron
da bai san an haife su ba.

"Wasa goma sha biyu nic cika," in ji shi.
"In sunka shiga duka, can za ni.
Kwana bakwai, in kwanta cikin sanyi har in yi mura.
Tura min dubu ukku."
Na tura. Na cire ladana.

Bazara ce, kwalta na kama takalmi.
Ya dawo Asabar, ya dawo Lahadi.
Goma sha ɗaya sun shiga, ɗaya ta yanke.
Kullum ɗayar nan ce,
wata ƙungiya da harshensa ya kasa faɗin sunanta.
Minti casa'in da uku wani ya sa kai,
buhu biyu na albasar Wurno suka faɗa raga.

Sai injin ban-ruwa ya bar fadama a bayan amalanke.
Sai babur ya kwana gidan wani, bai dawo ba.
Wata safiya Ige ta zo da kati a ƙulle cikin gefen mayafi:
"Baba yac ce a diba ko da saura."
Na'ura ta tofo takarda,
naira ɗari biyu da arba'in.
Na murƙushe ta a hannu,
na ce, je ki ce masa yau sabis ya ɗauke.

Ni kuwa bana na sayi fanka mai sola.
Da dare tana juyi bisa kaina,
ina jin warin albasa cikin iskarta,
na wanke fukafukan, bai fita ba.

Jiya na ce ya sake nuna min hoton.
Na buɗa shi da yatsu biyu, lungu lungu.
Babu taga a ɗakin. Babu agogo.
Duk fuska dariya take,
mai hoto bai tsaya wurin wanda ya faɗi ba.
Can gefe, inda hoton ya kusa ƙarewa,
wani saurayi da faranti, rabin fuskarsa a yanke,
yana kwashe kofunan da aka shanye,
ɗaya hannun a ɗan buɗe, yana jiran abin da zai fantsamo.

Na san tsayuwar nan.
Ita nake yi tun hantsi.

"Yau wasa huɗu kaɗai," in ji Arzika,
"huɗu ba su yankewa. Tura min dubu."
Na'ura ta yi zafi a tafina,
sabis cike, sanda huɗu tsaye.
Yana kallon yatsana, ina kallon silifas ɗinsa
da aka ɗaure da waya.

Na ce, bari a yi la'asar tukuna.
Ya zauna a bencina, yana jira.