Zoben Kofin Shayi

A zauren gunduma, kudancin tsibirin Jawa,
ni ce mai zuba shayi.
Shekara goma sha ɗaya ina shiga ina fita,
ba a neman sunana
sai ranar da sukari ya gaza.

Yau taswira ta cinye tebur biyu.
Pak Harjono na kan tuddai ya buga ƙirji:
"A kawo mana filin jirgin!
Ƙasarmu dutse ce, ba ta zamewa,
ko teku ta haukace ba ta iso mu."

Bu Wartini ta bakin gaɓa ta yi dariya
har tabaraunta ya sauko kan hanci:
"Jirgi akuya ne, da zai hau tsauni?
Gajimare na kwana bisa rufinku har hantsi,
ga dutsenku mai tarin toka.
Mu tamu ƙasar kamar faifai take."

Tarmuji, bakin 'yan kasuwa,
ya ce a aza shi kusa da layin dogo,
don talaka, in ji shi, don talaka.
Ni kuwa na san ruwa ba ya tsami banza:
tun bara surukinsa ke sayen fadamun wajen
a farashin ƙwai.

Aka yi azahar, aka dawo.
Aka kirga baƙin da ba su zo ba tukuna,
aka raba kuɗin da ba a gani ba,
wani ya ce otal, wani ya ce aikin yi,
wani ya tuno gadar da aka hana garinsu
tun zamanin kakansa.
Butata ta ƙare sau huɗu.

Injiniyan Jakarta, yaro ne, Bagaskara,
bai ce uffan ba tun safe.
Ya ɗaga kofinsa zai kurɓa,
sai gindin kofin ya bar zobe a takarda,
jajaja, can ƙasa, inda babu rubutu.
Ya ƙura masa ido.
"Nan fa, me ke nan?"

"Yashi ne kawai, ranka ya daɗe.
Kankana da ɗan barkono."

Tire ya yi mini nauyi.
Cikin zoben nan akwai rijiyar da babana ya haƙa
da fartanya da taurin kai,
akwai shi kansa, ƙarƙashin bishiyar kwakwa.
Akwai innata, Ngatinem, mai shekara saba'in,
tana ban ruwa kafin rana ta fito,
ita da ta koya wa yashi haihuwa.

Amma kada in yi ƙarya.
'Yata Sekar tana Taiwan,
tana wanke tsohon wasu, tana ba shi abinci a baki.
Zuwanta na ƙarshe kwana shida aka ba ta,
mota ta cinye biyu.
Na sha roƙon Allah ya matso mini da sama kusa.
In jirgi ya sauka cikin zoben nan
da ƙafa za ta ƙaraso gida.

Wane gida?

La'asar sakaliya aka tashi baram-baram.
An kafa kwamiti, za a sake zama bayan girbi.
Na tuddai ya fita ta gabas, ta gaɓa ta yamma,
Tarmuji na raɗa a waya.
Injiniya ne kaɗai ya waiwayi tebur,
ya ɗauki hoto.

Na zo da tsumma na goga,
na jiƙa na sake gogawa.
Takarda ta riga ta sha.

Da dare na kira inna.
Na ce, "Inna, yau an yi maganar garinmu."
Ta ce, "Madalla.
Ki tambayo mini,
nawa barkono ya kai a birni?"