Da'irar Jan Biro

A ofis aka zana ta,
da jan biro, kan taswirar Kuttanad:
kilomita ɗaya daga inda ta farko ta kife.
Murar tsuntsaye, in ji takarda.
Duk mai fiffike a ciki, kwanansa ya ƙare.
Gidana na waje da faɗin gona biyu.
Na Ouseph na ciki.

Ni ba likitan dabbobi ba ne.
Kwale-kwale nake tuƙawa, in hau kwakwa in an kira.
Amma da aka ce ana neman hannuwa, biya kullum da yamma,
na tuna kuɗin makarantar Jincy,
na ɗaga nawa.

Suka zura ni a farar riga mai kama da leda,
takunkumi, safar hannu, tabarau mai tara gumi.
Na ce madalla, ba mai gane ni.

Agwagi dubu biyu da ɗari huɗu.
Na san su tun ba su fi dunƙulen hannu ba.
Da doguwar gora mai tsumma a kai yake kora su
daga gonar da aka girbe zuwa wata,
suna tsintar shinkafar da girbi ya yafe, da dodon koɗi.
In ya yi kiransa, har ruwa kan dare biyu.

Ran nan mun sha rana muna bin su, sun ƙi mu.
Shi ya sauko bakin gaɓa,
ya buɗe baki sau ɗaya.
Suka zo.
Suka zo kamar kullum, suna tsammanin dusa.

Ba zan faɗi aikin ba.
Wuyan agwagwa dai ba shi da gardama.
Buhu, ƙidaya, buhu.
Ƙasarmu ba ta karɓar rami,
taku biyu ka haƙa sai ruwa ya gaishe ka,
don haka itace, don haka kananzir,
da hayaƙin da ya kwana uku a gashin kaina.

Wata jami'a ta rubuta komai a ƙarƙashin laima:
wadda ta haura wata biyu, kuɗinta kaza,
wadda ba ta kai ba, rabi.
Waɗanda suka riga mu mutuwa da kansu,
ta ce sai kwamiti ya zauna.

Ni an biya ni kafin duhu.
Shi an ba shi lamba.

Rediyo ya ce gwamnati na tare da makiyayi.
Ista ta zo, ta wuce, ba miyar agwagwa.
An hana sabon kiwo sai baba-ta-gani.
Mai dusa kuwa bai san kwamiti ba,
kowace Talata kekensa na jingine a ƙofar Ouseph.

Watan jiya muka haɗu a kantin rabon abinci,
kowa da katinsa, kowa da jakarsa.
Na'ura ta ƙi yatsansa har sau huɗu:
shekara talatin a ruwa ta share masa zane.
A na biyar ta yarda shi ne shi.
Aka auna masa shinkafa,
irin wadda agwaginsa ke tattakawa ba su duba ba.

Ya ɗaure bakin jaka, bai dube ni ba, ya ce:
"Varkey, riga ba ta ɓoye tafiya.
Ƙafarka ta hagu na gani tun daga gada."
Harshena ya zama dutse.
Ya ce: "Akwai wata mai ido ɗaya, kullum ita ce ƙarshe.
Hannun wa ta faɗa?"
Na ce ban sani ba.

Na sani.

Muka fito tare, ya ba ni jakar na riƙe masa
yana kwance igiyar kwale-kwale.
Can saman gonakin, wasu fararen baƙi daga arewa
suna shiga da'irar suna fita,
ba wanda ya nuna musu taswira.