Gidan Madugu a Bakin Kududdufi

Ranar Asabar, da la'asar sakaliya,
na riƙe hannun Tasalla muka sauka daga adaidaita
a ƙofar gidan Madugu Barmo.
Zaure uku kafin ka sake ganin rana.
Sanyi ya tarbe mu kamar bakin randa,
warin jemage, da wani tsohon ƙamshi
da na rasa ko na goro ne ko na jima.

Mai gadi, Baba Na'ibi, haƙori biyu suka rage masa,
ya ɗaga tocila ya haska ɗaurin guga:
"Azarar nan ta girmi kakan kakanka,
gara ta lasa ta tofar."

Tasalla ba ta dubi sama ba.
Ta tsinci tafin wani a jikin bango,
shatin yatsu biyar cikin makuba,
ta ɗora nata a ciki.
"Baba, na Madugu ne?"
Tsoho ya yi dariya har da tari.
"Madugu bai taɓa cuɗa ƙasa ba, jikalle."

A lambu, rumman ya tsage ya bar wa tsuntsaye,
dabino ɗaya tak, shi ma ya yi doro,
lalle ya haura katanga yana leƙen maƙwabta.
Giginyar da fatake ke hangowa daga nesa
an sare ta saboda wayar lantarki.

Sai ruwan.
Kore shar, kainuwa ta cinye rabi,
ledoji na iyo tare da agwagi.
Gidan na kwance a ciki, kai ƙasa,
zankwayensa na rawa duk sanda kwaɗo ya faɗa.

"Daga nan aka haƙo gidan," in ji Na'ibi.
"Mangala kan jaki, kwando kan mutum.
Iya tsawon soron can, iya zurfin ramin nan."

Na tsaya lissafi, na kasa.
Sunan mutum ɗaya ne a bisa ƙofa.
Sauran rami suka bari,
damina ke zuwa ta cika musu.

Can gefe tifa ta juye ɓaraguzai,
wai shaguna za a yi.
Tasalla ta jefa tsakuwa, soro ya tarwatse,
ta tsuguna shiru
har ya sake haɗuwa.

Muka fito ana kiran magariba.
A gida uwarta ta miƙo buta,
ta ɓoye hannu a baya,
jar ƙasa fal tafinta.